Yashin Teku da Yatsun Iya Ladi

Ƙarar ashana ce ta fara komai. Ina sharar tsakar gida da sassafe na ji ta daga ɗakin girki, ƙyas, ƙyas, sai shiru, sai kuma ƙyas. Har sau bakwai wuta ba ta kama ba. Da na leƙa sai na ga Inna, surukata, tsugune gaban kurfoti, murhunmu na gawayi, ta danne kwalin ashanar da gwiwa, ta matse tsinken tsakanin tafukanta biyu domin yatsun sun ƙi lanƙwasuwa. Tana ganina ta ce, "Ashanar zamanin nan duk ta sha iska, Amarya." Na karɓa na ƙyasta sau ɗaya, ta kama. Ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba.

A tsohon Zango ne wannan, can cikin gari, inda in iska ta juyo har ƙofar gida ake jin ƙarnin teku. Watana biyar da aure, ban daɗe da barin kwaleji ba, kuma Agusta ake ciki. Baƙi 'yan arewa dariya suke yi in an ce ana sanyi a Lome. Sanyinmu kuwa biyu ne. Akwai na Disamba da Janairu mai busar da fata, akwai na Agusta mai danshi wanda ke tasowa daga teku. Shi na Agusta ba ya sa mutum rawar ɗari, shiga ƙashi yake yi ya zauna, kuma shi tsofaffi suka fi tsoro.

Domin ku nake rubuta wannan, 'yan matan da ke zuwa ku ce in koya muku aikin gasa gaɓoɓi da yashi a sati biyu. Ɗayarku har cewa ta yi, "Tanti, c'est facile, da sauƙi, ba shafa mai ba ne kawai?" To, ku saurara.

Wadda aka kira ta duba Inna wata 'yar ƙabilar Mina ce daga bakin ruwa ta wajen Bè, ana ce mata Da Afi. Kifi take ƙyafewa, mijinta da 'ya'yanta masunta ne, kuma a gwiwoyin masu jan taru ta koyi gashin gaɓoɓi. Hausarta ta kasuwa ce, ba ta bambanta namiji da mace a magana, amma ba ta taɓa rasa abin faɗi. Ta zo da yashi a kwano ɗauke a ka, ta zauna a tabarmarmu, ta riƙe hannun Inna ta daɗe tana juya shi kafin ta taɓa wuta. Ni ce mai miƙo kaya. Rana ta uku ta lura ina kallon hannunta ba bakinta ba, ta ce, "Kai, yarinyan lakwal, zo ka riƙe." Lakwal ita ce makaranta a bakin mutanen Lome. Da izinin maigida na bi ta shekara biyu, duk ranar da take da aiki a Zango. Shekarar farko ban taɓa jikin kowa ba. Tankaɗe nake, da suya, da wankin tsummoki.

Kayan aikin ba su da yawa. Yashin teku, amma na sama inda igiyar ruwa ba ta kaiwa, busasshe, mai laushi kamar gari. A tankaɗe shi sau biyu a rariya, domin tsakuwa ɗaya in ta ɓuya a ciki ta fi yashin riƙe wuta. Kasko na ƙasa wanda bai taɓa ganin mai ba. A soya yashin ana juyawa da muciya har zafin ya daidaita, a zuba a tsohuwar atamfa ninki biyu, a ƙulle. Sabuwar atamfa ba ta yi, ƙarfinta yana goge fata. Sai man kaɗanya na arewa, wanda ba a narkar da shi a wuta, a tafin hannu ake narkar da shi. Ga gwiwa nakan sa ɗan dakakken citta a ciki, ga bayan hannu kuwa ba na sawa, fatar wurin ba ta da kauri.

Jerin aikin kuma ba ya sauyawa. Ɗumi da farko, sai mai, sai a motsa gaɓar a hankali har inda ta yarda, ba inda kike so ba. Sai a rufe. Rufewar nan mutane ke rainawa. Mace za ta tashi daga tabarmata gwiwa ta saki, ta fita iska da zane ɗaya ta tsaya hira a famfo, gobe ta dawo ta ce aikina bai ci ba.

Doka ɗaya Da Afi ta fi nanata mini. Kafin ƙunshin yashi ya taɓa kowa, sai ya zauna a gefen wuyana. Ita tana ƙirga ashirin da Minanci. Ni na mayar da shi Fatiha: in ba zan iya kai ƙarshenta da ƙunshin a wuyana ba, bai isa sawa ba.

Na ce, "Da Afi, ai sai in tambayi mai jikin ko ya yi zafi."

Ta ce, "Ka tambayi wa? Matan Zango? Ku da kuke wankan jego da ruwa yana tafasa kwana arba'in, ba wanda ya ce uffan? Nama zai dahu yana ce maka ƙara. Masunta suna ihu, su ne masu sauƙi. Naku, wuyanka kawai ka tambaya."

Bayan na fara zaman kaina, masu goro ne suka fi zuwa, domin hannunsu wuni yake cikin jiƙaƙƙen ganye da ruwan yayyafi. Sai masu wankau, sai matan kasuwar Asigame da ke zama kan 'yar kujera tun safe har magariba. A Janairu kuma gwiwa ce zalla. Lokacin jam'iyya ɗaya ce a ƙasa, in aka ce a fito bakin titi bikin gwamnati, fitowa ake yi. Mata su ɗinka anko su tsaya tun sanyin safiya har rana ta take, ana tafi ana rawa, washegari ga su a ƙofata suna ɗingishi. Ba mai cewa daga ina ciwon ya zo, ni ma ba na tambaya. Maza ba na taɓa su. Matansu nake koya wa, in ba su ƙunshi su tafi da shi. Wata matar Alhaji ta dawo ta ce mijinta ya ce a ƙara wuta, wai shi ba jariri ba ne. Na ce ta gaya masa wannan shi ne na manya, na jarirai ya fi zafi. Ya yarda.

Akwai kuma waɗanda nake mayarwa. Gaɓar da ta kumbura ta yi ja, kika taɓa kika ji ta fi sauran jiki zafi, ba ta son yashi, likita take so. Wata mai goro ta yi fushi da ni wata guda kan haka, ta ce karatun boko ya sa ni tsoro. Kuma ban taɓa ce wa kowa ina warkar da sanyin ƙashi ba. Sassauta shi nake yi, mutum ya samu ya yi alwala, ya yi sujada, ya ɗaura zanensa da kansa. Waraka ta Allah ce.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce ta bayan an tashe mu daga tsohon Zango an kai mu Agoè. Wurin fili ne kusa da fadama, ɗakuna da yawa na langa-langa ne, waɗanda suka yi gini kuma simintin bai gama shan iska ba aka shimfiɗa tabarma a kai. Damina ta zo ta jiƙa komai, kafin ƙasa ta tsane sanyin teku ya biyo mu har can. Tsofaffin da a da nake gani sau ɗaya a wata suka koma kullum. Teku kuwa ta yi nisa, sai an shiga mota. Yashina ya ƙare. Na ɗebi na masu gini da ke jibge a bayan gidanmu, na tankaɗe sau ɗaya saboda mutane na jira, na ce ai yashi yashi ne.

Iya Ladi mai kitso tana cikin masu jiran. Tun a tsohon Zango ita ke yi wa amare shuku, kuma da kitson take riƙe da kanta da jikarta Balki, wadda uwarta ta rasu wurin haihuwarta. Balki tana da shekara bakwai a lokacin. Ubanta Garba direban babbar mota ne, yana zaune a Kumasi da iyalinsa. Da ya biyo ta Lome farkon damina ya tarar da uwarsa ba ta iya riƙe kibiyar tsaga, Balki ce ke hura wuta da ɗebo ruwa, makaranta sai ran da aka ga dama. Ya ce zai dawo da ƙaramar Sallah. In hannun bai tashi ba, zai tafi da yarinyar wurin matarsa, ita kuma Iya a kai ta gidan ƙanenta a Sokodé. Ba mugu ba ne, abin da ya gani ya faɗa. Iya kuwa ba ta ce masa komai ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kira, "direban" take ce masa, balle ta zauna ta roƙe shi.

Ni ta gaya wa, tana kallon bango. "Amarya, yarinyar nan tun tana tsumma a bayana take. Ki tayar mini da yatsun nan kafin Sallah."

Wata biyu ne suka rage. Mun yi sati guda muna yi, yatsun suna ɗan saki da rana su sake ƙagewa da safe. Ran na takwas, ina sauke yashi daga kasko ta ce, "Kawo shi haka nan. Wannan ɗumin naki na wasan yara ne. Ni da na yi jego tara."

Na ce, "Iya, bari ya ɗan huce."

"Yana hucewa kwana na tafiya. Kawo."

Na kai ƙunshin wuyana, ban kai rabin Fatiha ba na janye. Ta miƙo hannun dama tana jira. Sa'ar uwata ce, ga kuma abin da ke gabanta. Na ɗora. Sai na yi abin da aka hana ni, na ce, "Iya, ya yi zafi?"

Ta ce, "Ko kaɗan. Danna."

Fuskarta ba ta motsa ba. Balki ce da ke zaune gefe ta ce, "Tsohuwa, me ya sa ƙafarki ke rawa?" Na ɗaga ƙunshin. Bayan hannun ya yi ja, wurare uku kuma sun yi fari, daidai girman ƙwayar gero. Da na kwance atamfar na ga 'yan tsakuwoyin da suka tsere wa rariya. Kafin azahar wuraren sun yi bororo, na tsakiya ya haɗe da na gefe. Na kai ta wurin likita aka wanke aka naɗe. Ya ce kada mai ko ɗumi su taɓa hannun sai fata ta rufe.

Kwana huɗu bayan haka motar Garba ta sake biyowa, ya tsaya ya gaishe da uwarsa, ya ga bandeji. Ina ɗakin lokacin, na zo duba ta. Ya tambaya daga bakin ƙofa. Iya ta ce, "Ruwan koko ne ya zubo mini." Na ga ya juya ya dubi Balki, kallon mai cewa ga abin da nake faɗa, ko tukunya ba ta iya saukewa. In na yi shiru, ƙaryar da ta yi don ta rufa mini asiri ita za ta raba ta da jikarta.

Na ja mayafi na ce, "Malam Garba, ba koko ba ne. Ni na ƙona ta da yashi. Laifin hannuna ne, nata bai yi komai ba."

Ya ce, "Ke ce mai gashin?"

"Ni ce."

"To wa zai gyara?"

Na ce, "In kun yarda, ni."

Ya kaɗa makullin mota. Can ya ce, "Na ce Sallah, ba zan sauya ba." Ya tafi. Maganar kuwa kafin la'asar ta zaga unguwa, ɗakunan langa-langa ba sa riƙe zance. Masu zuwa wurina suka ragu, har mai goron nan ta samu abin faɗi a famfo.

Washegari na shiga mota na tafi Bè da kwanona. Da Afi tana gaban murhun kifi, ta saurare ni har ƙarshe ba ta daina juya kifin ba. Ta ce, "Ka tambaye shi ko ya yi zafi?" Na ce na tambaya. Ta ce, "Yashin gini kuma. Shekara biyu na ɓata." Ta tashi da kanta ta kai ni inda take ɗiba, ta cika mini kwanon, ta aza mini a ka. Sannan ta ce, "Hannun da ya ƙone, bar shi. Ɗakin za ka gasa. A ina tsohon yake kwana?"

Ban taɓa dubawa ba. A ƙasa take kwana, tabarma kan siminti, kanta wajen ɓarakar da ke tsakanin kwanon rufi da bango. Da na ɗaga tabarmar ƙarƙashinta a jiƙe yake. Na roƙi maigida katakan da suka rage daga rufin ɗakinmu, aka jera su kan bulo huɗu, muka shimfiɗa kwali da buhu. Na toshe ɓarakar da tsumma. Na yanke bakin tsohuwar safar maigida na yi mata abin sa hannu. Na hana ta taɓa ruwan randa da safe, na ce ko na alwala sai an ɗumama. Ta ce ita ba mai jego ba ce. Na ce, "Iya, kin ce in tayar da yatsu." Daga ranar ba ta ƙara yi mini gardama ba, ni ma ban ƙara tambayarta komai game da zafi ba.

Sati biyu hannun hagu kaɗai nake yi wa aiki. Na dama kuma, ko da yake a naɗe yake, kan yatsun a waje suke, sai na zuba mata wake a faifai na ce ta riƙa tsinta ɗaya ɗaya. Ranar farko wake tara ta ɗauka kafin ta gaji. Balki ce mai ƙirga, kuma ba ta da sassauci. "Wannan faɗuwa ya yi, tsohuwa, ba a sa shi."

"Uwar ɗakina, ki bar ni in huta."

"Sai kin kai goma."

Fata ta rufe ana saura kwana kaɗan a ga watan azumi, kuma a shekarar azumin ya faɗo tsakiyar sanyin Agusta. Na mayar da aikin hantsi, lokacin da rana ta ɗan leƙo. Ɗumi kaɗan, kullum, ba fashi. Fatiha a wuyana sau biyu kafin ya taɓa tabon. Daga wake muka koma gero, daga gero muka koma zare: na ɗaure igiyoyi uku a ƙafar gadon katakon na ce ta kitsa. Na farkon da ta yi, Balki ta ja shi da yatsa ɗaya ya warware. Iya ta dube shi ta ce, "Shekara arba'in ina kitso." Na ɗaure mata wasu igiyoyin.

Akwai ranakun da aka tashi da yayyafi, yatsun suka koma kamar ba a taɓa yi musu komai ba. Ku da kuke son koyo, waɗannan ranakun su ne aikin. Ba a ƙara wuta, ba a ƙara ƙarfi. Abin jiya za ki sake yi, ki tafi gida, ki dawo gobe.

Ran jajibirin Sallah ta ce a kawo mata kibiya da mataji. Ta zaunar da Balki tsakanin ƙafafunta a inda rana ke faɗowa, ni kuma na ajiye kurfoti da kasko kusa. In ta yi layi biyu sai ta miƙo hannu, in ɗora ƙunshi, in shafa mai, ta goge ta ci gaba. Shukun da a da take gamawa kafin a sauke tuwo, ranar tun hantsi muke har aka kira la'asar. Layi na ƙarshe hannun ya gaji, na miƙa nawa zan kama mata, ta ture shi da gwiwar hannu.

Motar Garba ta iso gab da shan ruwa. Ina tattara kayana ya shigo. Ya gaishe da uwarsa, ta amsa tana kallon gefe. Ya kira 'yarsa, ya dafa kanta, ya bi layin kitson da babban yatsa tun daga goshi har ƙeya. Ya ce, "Wa ya yi miki?" Balki ta nuna da baki. Ya dubi tabon da ke bayan hannun Iya, ya dubi gadon katako. Na ɗauki kwanona na fito, abin da ya rage ba nawa ba ne.

Ranar Sallah ban ji komai ba, washegari ma haka. Rana ta uku da safe na ji motar ta tashi, ina tankaɗe a ƙofar ɗaki, ban iya ɗaga kai in duba wa ke ciki ba. Ƙarar ta yi nisa. Can sai ga inuwa a kan rariyata. Balki ce, da kayan Sallarta, ta riƙo kwanon tuwo da hannu ɗaya, ɗaya hannun tana sosa gefen kai.

Ta ce, "Tanti, Iya ta ce a kawo miki. Baba ya tafi, ya ce in zauna in yi lakwal." Ta ajiye kwanon, ta matso ta rage murya. "Amma don Allah ki daina gyara mata hannun haka nan. Kwana uku ke nan kitson bai daina ja na ba."